Daga Layin 'Yan Amshi Zuwa Kujerar Darakta: Yadda Ake Sana'ar Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa da Rawa a Legas

Wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa sana'a uku ce a jiki ɗaya. Mutum guda zai yi magana, ya rera waƙa, ya taka rawa, duka a gaban jama'a ido da ido na tsawon awa biyu ko fiye, kuma babu mai cewa a yanke a sake. Matashin da ya tashi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende yana kallon finafinan Hausa ya saba ganin jarumi na motsa baki a kan muryar da wani mawaƙi ya ɗauka a situdiyo. A dandamali muryarka ce za ta fita, da numfashinka, bayan ka gama tsalle na minti uku. Shi ya sa kusan duk aikin ana gama shi ne tun kafin a buɗe ƙofa wa 'yan kallo.

Legas ta daɗe da wannan sana'a. Hubert Ogunde ya nuna wasansa na farko mai waƙa a Glover Hall a 1944, a 1945 kuma ya kafa ƙungiyarsa. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu an kammala shi a 1976 saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Terra Kulture da ke Victoria Island, wanda Bolanle Austen-Peters ta kafa a 2003, yana cikin wuraren da suka farfaɗo da harkar, musamman tun daga wasan Saro a 2013, kuma zaurensa na ɗaukar mutum kamar 400. Akwai cibiyar MUSON a Onikan mai makarantar koyon kiɗa, akwai Freedom Park a Broad Street, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar filin wasanni. Ka san waɗannan wurare da ƙafarka. Ka sayi tikiti mafi araha ka zauna ka kalli wasa uku ko huɗu kafin ka ce wa kowa kai ɗan wasa ne.

Murya da numfashi

Fara da sanin iyakar muryarka. Nemi mai fiyano, a coci ne ko a makarantar kiɗa ko a situdiyo, ya bi ka daga sautin da ya fi ƙasa da kake iya fitarwa ba tare da gurnani ba, zuwa wanda ya fi sama ba tare da jijiyar wuyanka ta tashi ba. Rubuta sunayen sautukan biyu ka riƙe. Kowane mai kula da kiɗa zai tambaye ka, domin a kan haka ake raba 'yan amshi gida huɗu: mata masu siririyar murya, mata masu kauri, maza masu sama, maza masu ƙasa.

Mawaƙanmu na gargajiya kan yi amshi da murya ɗaya, kowa na bin kari guda. A nan za a ba ka naka layin daban, na kusa da kai na rera wani, kuma dole ka riƙe naka. Nan ne yawancin masu fitowa daga waƙar Hausa ke tuntuɓe. Maganinsa shi ne ka ɗauki layinka a waya, ka haddace shi shi kaɗai, daga nan ka kunna layin wani kana rera naka a kai har kunnenka ya daina janka zuwa nasa.

Numfashi daga ciki yake fitowa. Kwanta rigingine, ɗora littafi a cibiya, ja iska har littafin ya ɗaga, kafaɗu ba su motsa ba. Tashi tsaye ka sake yi, ka saki iskar da sautin "sss" a hankali kana ƙirga. Daƙiƙa 20 mafari ne mai kyau, ka yi ta ƙarawa har ka wuce 30. Idan wannan ya zauna, sai ka rera waƙarka kana sassarfa a wuri ɗaya. Wanda ya iya waƙar a tsaye kawai bai gama iya ta ba tukuna.

Kada ka taɓa fara waƙa da murya mai sanyi. Minti 15 zuwa 20 na ɗumama ta: kaɗa leɓɓa da iska, yin "mmm" baki rufe daga ƙasa zuwa sama, sannan wasula ɗaya bayan ɗaya. Manyan wasanni a Legas sun fi yawa a Disamba da lokacin Ista, Disamba kuwa lokacin hazo ne da busasshiyar iska, ga na'urar sanyaya ɗaki na ƙara busar da maƙogwaro. Sha ruwa kaɗan-kaɗan tun safe, domin wanda ka kwankwaɗa minti biyar kafin shiga ba zai yi maka aiki a daren ba. Turara fuska da tururin ruwan zafi zalla na minti goma yana taimakawa. Taba da shisha suna cin murya. Abinci mai yaji da maiƙo da tsakar dare, a kwanta nan take, yana sa ruwan ciki ya hau maƙogwaro, ka tashi da dasasshiyar murya. Idan murya ta dashe, yi shiru ɗungurungum, kada ka koma raɗa, domin raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi. Dashewar da ta wuce mako biyu ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, a bar zuma da citta a gefe a je asibiti.

Rawa kuwa, ko ba za ka zama gwani ba, dole ka iya ƙirgar takwas-takwas, ka iya ɗaukar taku idan an nuna maka sau biyu ko uku. Wanda ya iya koroso ko rawar Fulani yana da abin da masu tsara rawa a Legas ke nema ba su cika samu ba. Ya ƙara da rawar bata ta Yarabawa da ɗan abin da ya samu na rawar zamani.

Ranar tantancewa

Sanarwar neman 'yan wasa ta fi fitowa a shafukan Instagram na kamfanonin wasa da zaurukan WhatsApp na 'yan sana'a. Ɗaliban sashen fasaha na Jami'ar Legas da na Jami'ar Jihar Legas (LASU) da mambobin NANTAP, ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta ƙasa, kan ji labari da wuri, don haka zama kusa da su yana da amfani. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a ba ka matsayi, ko ya kira ki ɗakin otal ke kaɗai da sunan gwaji, ku juya ku tafi.

Ka tanadi waƙa biyu, ɗaya mai sanyi ɗaya mai sauri, kowace ka yanko mata minti ɗaya daga wurin da muryarka ta fi fitowa. Ɗaya ta zama ta Hausa. Mutum ɗari za su zo da waƙoƙin Turanci iri ɗaya, kai kaɗai za a tuna. Ka haddace jawabin mutum ɗaya na minti ɗaya zuwa biyu, da Turanci ko Burokin. Ka zo da hoton fuskarka na kwanan nan, da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da iyakar muryarka, harsunan da kake ji, rawar da ka iya, da kayan kiɗan da kake bugawa. Kalangu, goge, garaya, sarewa, duk a rubuta. Kayan da za ka iya durƙusawa da tsalle a ciki su ne na ranar, da ruwa da ɗan abinci, domin zaman kan kai yamma.

A cikin ɗakin za ka tarar da mutum uku ko huɗu a bayan teburi. Ka gaisa, ka faɗi sunanka da sunan waƙar, ka fara. Kada ka buɗe da ba da haƙurin mura. Wataƙila kafin ka kai rabi darakta ya ɗaga hannu ya ce, "Na gode. Sake yi daga farko, amma wannan karon kamar mahaifiyarka na ɗaki na gaba, ba ka so ta ji." Ya riga ya ji muryar. Abin da yake dubawa yanzu shi ne ko kana iya sauya abin da ka haddace idan an ce ka sauya. Masu maimaita yadda suka yi da farko, komai daɗin muryarsu, a nan suke faɗuwa.

Akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Sau da yawa matsayin da za a miƙo wa Bahaushe shi ne maigadi ko mai shayi da ake dariyar Turancinsa. A ganinmu, ka karanta rubutun kafin ka amsa. Idan mutumin yana da suna, yana da abin da yake nema a labarin, karɓa ka yi shi da mutunci. Idan an ajiye shi ne don a yi wa harshensa dariya kawai, ƙin karɓa ba zai kashe maka sana'a ba, karɓarsa kuwa kan sa a yi ta kiranka a kansa shekara da shekaru.

Takarda kafin rihazal

Kada ka fara aiki da alkawarin baki. Takardar yarjejeniya ta nuna jimillar kuɗi, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a biya sauran, ko kuɗin na kowane wasa ne ko na zangon gaba ɗaya, da abin da za a ƙara idan an ƙara kwanaki. Ta nuna kuɗin mota na rihazal, wato atisayen wasa kafin a nuna shi, da yadda za a koma gida bayan wasan dare. Wanda ke zaune a Agege, wasa ya tashi a Victoria Island bayan ƙarfe goma, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ta kuma faɗi abin da za a yi da bidiyon wasan idan an ɗauka.

A wannan zaman ne ake maganar sutura da taɓa jiki da lokacin salla. 'Yar wasan da ba ta buɗe gashi ko ba ta yarda namiji ya ɗaga ta a rawa ba, ta faɗa tun ranar farko, mai ɗinki da mai tsara rawa za su samo hanya. Faɗin haka saura kwana uku a buɗe wasa shi ke jawo rigima. Idan rihazal ya faɗo cikin azumi, nemi a sa waƙoƙinka masu nauyi da safe ko bayan shan ruwa. Takardar nan kuma tana da wani amfani a gida: idan ka ajiye ta gaban mahaifi ka ce, "Baba, ga wurin, ga lokacin tashi, ga abin da za a biya," magana kan yi sauƙi fiye da a ce masa kawai za a je wasa.

Cikin rihazal

Babban wasa kan ɗauki mako huɗu zuwa takwas. Idan an ce a hallara ƙarfe tara, to ƙarfe tara a same ka ka sauya kaya ka ɗumama murya. Goslo ba uzuri ba ne a garin da kowa ke cikinsa. Jirgin ƙasa na jan layi yana bi ta Agege zuwa Oyingbo, na shuɗin layi daga Mile 2 zuwa Marina yana tsayawa a gidan wasa na Iganmu, ka tsara tafiyarka da su idan sun yi maka hanya.

Fensir ake riƙewa, domin abin da aka tsayar yau ana iya rushe shi gobe. Rubuta ta inda za ka shigo, inda za ka tsaya, a kan wace kalma za ka motsa. Dama da hagu a dandamali na ɗan wasa ne idan ya fuskanci 'yan kallo. A bakin dandamali akan rubuta lambobi, sifiri a tsakiya, 2, 4, 6 a kowane gefe, kowane mai rawa ya san lambarsa. Taku ɗaya ka kauce, ka fita daga haske ko ka rufe wani. Idan darakta ya ba ka gyara, ka ce "to" ka rubuta, bayani sai an tashi. Kuma kada ka gyara wa ɗan'uwanka ɗan wasa, ko ka fi shi sani.

Idan aka ba ka ko-ta-kwana, wato ka koyi matsayin jarumi don ranar da ya kasa, riƙe shi hannu biyu. Ta wannan ƙofar mutane da yawa ke fita daga layin amshi.

Hanyar zama darakta

Shawararmu ga ɗan wasan da ke son ba da umarni ita ce ya yi wasa ɗaya ko biyu a matsayin mataimakin manajan dandamali. Manajan ne ke riƙe da babban littafin da aka rubuta kowace fitila, kowane sauti, kowace shiga da fita. A teburinsa za ka ga yadda ƙaramar shawarar darakta ke zama kuɗi da awanni. Bayan nan sai mataimakin darakta, sannan ƙaramin wasanka na minti 30 zuwa 45, da mutum biyar ko shida da makaɗa biyu. Bikin wasanni na Lagos Theatre Festival, wanda aka fara a 2013, ya saba nuna ƙananan wasanni a wuraren da ba zauren wasa ba, irin wannan fili ne ya dace da mafari.

Aikin farko na darakta a kan rubutu yake. Ɗauki kowace waƙa ka tambaya: me ya sauya tsakanin farkonta da ƙarshenta? Idan yarinya ta fara waƙar tana tsoron faɗa wa uwarta gaskiya, ta gama ta yanke shawarar faɗa, waƙar ta yi aiki. Idan za a iya cire ta labarin bai girgiza ba, cire ta, ko da ita ce mafi daɗi. Finafinai sun saba mana da waƙar da ke tsayar da labari a je lambu a dawo. A dandamali minti huɗu na irin wannan sun isa 'yan kallo su ciro wayoyinsu. Cikin minti 15 na farko a ji jarumi ya rera abin da yake nema a duniya. Kashi na farko ya ƙare a kan matsalar da ba a warware ba, a yi hutun minti 15, kashi na biyu ya fi na farko gajarta.

Idan waƙoƙin na Hausa ne, zauna da mai kiɗa tun farko. Wanda ba ya jin harshen zai ɗora dogon sauti a kan gaɓa sassauƙa, ya guntule mai nauyi, ko ya kai kari sama inda karin sautin kalmar ke sauka, sai ma'ana ta ɓace wa Bahaushe. A karanta masa baitin da baki sau da yawa yana ɗauka, ya gina karinsa a kan yadda maganar ke hawa da sauka. Kalangu na sauya sauti gwargwadon matse tsarkiya, don haka yana zama da fiyano lafiya idan makaɗin na da kunne. Kakaki da algaita suna da ƙarfi ƙwarai, a ajiye su ga shigowar sarki da makamantanta inda babu mai waƙa a kai. Tashe da wasan 'yan kama da amada duk taska ce da ba a taɓa sosai a dandamalin Legas ba. 'Yan kallon kuwa gauraye ne, saboda haka ko a haska fassarar baitoci a allo sama da dandamali, ko a tsara yadda hirar da ta gabaci waƙar za ta ba da ma'anarta.

Waƙar wani da labarin wani suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana aiki, a nemi izini a rubuce daga mawaƙin ko magadansa kafin a fara koya wa 'yan wasa.

Lissafin kuɗi a yi shi da taka tsantsan. Zaure mai kujera 400, wasa 10, kujeru 4,000 ke nan a takarda. Cire na masu ɗaukar nauyi da 'yan jarida da baƙi, ka yi lissafi a kan rabin abin da ya rage. Idan hayar zaure, fitilu, sauti, man janareta, sutura, abinci da albashi sun fi haka, ko ka samo mai ɗaukar nauyi ko ka rage mutane. Kuɗin 'yan wasa a ware shi gefe tun farko, kada ya rataya a kan cinikin ƙofa.

Idan rihazal na mako shida ne, na farko na karatu ne a teburi da koyon waƙoƙi, na biyu da na uku na tsayuwa da rawa, na huɗu na haɗa guntaye, na biyar na gudanar da wasa daga farko har ƙarshe kullum da agogo. A manna tef a daɓen ɗakin rihazal daidai da awon dandamalin gaske, saboda haya na da tsada, galibi kwana ɗaya ko biyu kacal za ku samu a zauren kafin buɗewa.

Makon ƙarshe

A nan abubuwa ke lalacewa, kuma yawanci sauti ne. Ganguna na danne muryoyi: a mayar da su gefe ko bayan shinge, a rage su, kada a yi ta ƙara makirufo har ya fara ƙugi. Ƙugin na tasowa ne idan makirufo na jin lasifikar da ke fitar da shi, don haka manyan lasifikoki su kasance gaba da 'yan wasa suna fuskantar jama'a. Kan makirufon fuska ya zauna a kumatu, kamar yatsa biyu daga gefen baki, a riƙe shi da filasta. Akwatinsa na ƙugu a sa shi cikin leda ko safa, domin gumi na kashe shi. Sabon batir kowane wasa, musamman ranar da ake yi sau biyu. A gaya wa kowa cewa makirufo a kunne yake har sai mai sauti ya ce an kashe, kada a ji hirar bayan labule a zaure.

A fara wasa a kan janareta tun daga farko, na'urorin sauti da na fitilu kuma a haɗa su da abin riƙe wuta. A koya wa makaɗa da 'yan amshi abin da za su yi idan duhu ya faɗo: kiɗan hannu ya ci gaba, kowa ya tsaya inda yake.

Sauya kaya cikin gaggawa a gwada shi da agogo kamar yadda ake gwada waƙa. Naɗin rawani na cin mintuna, don haka a naɗa shi a kan hula a ɗinke, a ɗora kawai. Haka ɗaurin ɗankwali. Babbar riga na kama wayar makirufo, hannunta kuma na share fuskar na kusa a rawa, a sa ta a rihazal tun mako na huɗu. Zani a yi masa maɗauri a ciki. Kowane abin riƙewa a hannu, sanda ko ƙwarya ko wasiƙa, a zana masa gurbinsa a teburin bayan dandamali da sunansa.

Daga daren buɗewa wasa ya koma hannun manajan dandamali. Darakta ya zauna a kujerar baya da littafi, ya rubuta inda jama'a suka yi dariya, inda suka fara tari da motsi, da baitin da bai kai baya ba. Gyaran a ba da shi washegari, awa ɗaya kafin ɗumama murya, kowa nasa a taƙaice. Idan za a yanke wani abu, a gwada yankan a dandamali tare da mai fitila da mai sauti kafin a buɗe ƙofa. A ɗauki bidiyon dare na uku ko na huɗu da kyamara biyu, sautin kuma a ja shi kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, a yanko wa kowane ɗan wasa minti biyu nasa da zai tura idan an buɗe tantancewa ta gaba.